Ratsin Bismarck, layin Missouri ko farin jirgin rakiya: wanne za ka fara yi wa fenti?

Duk wanda ya fara sha'awar haɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba, irin waɗanda suke zuwa a kwali gutsi-gutsi kai ne za ka harhaɗa da gam ka yi musu fenti, to kusan kullum Bismarck, jirgin yaƙin Jamus na yaƙin duniya na biyu, ne yake fara shiga ransa saboda ratsin nan baƙi da fari da ake zanawa a jikin kwalin. Ni dai shawarata kar sunan jirgi ko kyan hoton kwali ya ja ka. Ka duba abu biyu tukuna, ina layukan fentin suke bi a jikin jirgin, sannan me ke hannunka, burushi ne kawai ko kana da 'yar bindigar feshi da kwamfiresa. Domin fentin ɓad-da-kama wahalarsa tana wajen da kala biyu suka haɗu, idan mahaɗar a kan shafaffen waje take to aiki ya zo da sauƙi, idan kuwa ta hau kan matakala da tagogi da bututun hayaƙi to ka shirya zama.

Kafin mu shiga, maganar girma. Ma'aunin da aka fi samu biyu ne, 1/350 da 1/700. Bismarck na gaske tsawonsa mita 251 ne, kenan a 1/350 zai ba ka wajen santimita 72, a 1/700 kuma wajen 36. Missouri na Amurka mita 270, a 1/350 wajen santimita 77 kenan, ka ga sai ka tanadi inda za ka ajiye shi tun kafin ka saya, musamman idan akwai yara a gidan. Mutane na ɗauka ƙaramin ya fi sauƙi tunda ya fi araha kuma bai cin waje, amma wajen fenti akasin haka ne, ratsin da a 1/350 za ka iya bi da tef cikin natsuwa a 1/700 ya zama siriri sai da hantsaki, hannu ya ɗan karkace kaɗan ya fito fili.

To Bismarck ɗin. Fentin da kowa ya san shi da shi shine wanda ya sa lokacin atisaye a tekun Baltik, gangar jiki ruwan toka matsakaici, ginin sama ruwan toka mai haske, goshi da baya ruwan toka mai duhu, sai farin zane irin na kumfar da jirgi ke tasowa idan yana gudu wanda aka zana can baya da ainihin goshin don mai hange daga nesa ya ɗauka jirgin bai kai tsawonsa ba, sannan ratsin baƙi da fari da suka taso a karkace daga gefen ruwa suka haye har ginin sama. A gangar jiki babu wata matsala wallahi, waje ne shimfiɗaɗɗe, ka fesa fari, ya bushe, ka rufe da tef, ka fesa baƙi, ka sake rufewa, ka bi da ruwan tokan. Aiki ne irin na lallen salatif da mata ke yi, inda ka manna nan ne kala ba za ta taɓa ba. Inda ake jin jiki shine sama, domin ratsin ɗaya ne amma ya ratsa bene hawa-hawa, kowanne hawa ya ɗan shige ciki fiye da na ƙasansa, kuma dole idan ka tsaya daga gefe ka kalla su haɗu su zama layi ɗaya miƙaƙƙe kamar babu hawa. Kenan ba za ka iya yi wa kowanne guntu fenti shi kaɗai ka zo ka haɗa ba, sai ka jera su a bushe ba gam, ka runtse ido ɗaya daidai saitin gefen jirgin, ka ɗiga alama da fensir, ka sake warware su. Ga tef ɗin baya kwanciya a kan ƙofofi da 'yan matakalan da aka zubo a jikin robar, kullum akwai ɗan rami a ƙarƙashinsa, kana ɗagawa ka tarar baƙi ya yi 'yan ƙafafu ya kutsa cikin fari, kuma baƙi a kan fari ba abu ne da ido ke yafewa ba, sai ka koma da siririn burushi kana bi ɗigo-ɗigo.

Amma akwai mafita ga wanda ya dage sai Bismarck. Ranar 21 ga Mayu 1941 da jirgin ya tsaya a gaɓar Nowe kusa da Bergen an shafe ratsin, saboda haka Bismarck ɗin da ya nutsar da Hood, jirgin yaƙin Ingila, ranar 24 ga Mayu, shi ma aka nutsar da shi ranar 27, ruwan toka ne ba ratsi. Idan ka yi shi haka ba wanda zai ce ka yi ha'inci, tarihi na bayanka. Sai dai ka sani ko da ratsi ko babu, daɓen Bismarck katako ne mai kalar katako, kuma akwai tarin 'yan akwatuna da murafu a kansa da kowanne sai ka bi shi da ruwan toka, wannan kaɗai aikin dare da yawa ne. Kamfanin Tamiya, mai yin irin jiragen nan da fentinsu, na da kalar daɓe a kwalba, XF-78, wasu kuma sayen siririn katako mai gam a baya suke yi wanda aka yanka daidai jirgin su manna, kuɗi ne dai ƙari. Kwalin Tamiya na 1/350 tsoho ne sosai, guntayensa ba su da yawa kuma suna zama lafiya, na kamfanin Revell ya fi shi sabunta da yawan tarkace, kyau ya fi amma aikin tef ma ya fi.

Na Amurka kuwa sojan ruwansu lamba suka ba kowanne salo, Measure kaza, kuma a rubuce yake wace kala za ta hau ina, wannan ya sa mai haɗa samfuri baya yawan lalube. Missouri shi kaɗai ya sa biyu daga cikin waɗanda za mu duba a nan. Da aka ƙaddamar da shi a 1944 ya fito da Measure 32, zane mai lamba 22D, wato manyan lanƙwasassun faci na ruwan toka mai haske da ruwan toka mai duhu da baƙi. Daga baya aka mayar da shi Measure 22, kuma da shi yake sanye ranar 2 ga Satumba 1945 da Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya a kansa a gaɓar Tokyo.

Measure 22 a ganina shine mafi adalci ga sabon hannu. Layi ɗaya ne tak. Daga bakin ruwa zuwa daidai wajen da daɓen jirgin ya fi yin ƙasa shuɗi ne mai duhu, 5-N, daga nan zuwa sama duk abin da yake tsaye ruwan toka ne, 5-H, duk abin da yake kwance yana kallon sama kuma shuɗin daɓe ne, 20-B. Abin da za ka kiyaye shine layin nan baya bin lanƙwasar jirgin, a miƙe yake daidai da saman ruwa, shi ya sa a goshi inda jirgin ya ɗaga sama za ka ga ruwan toka ya fito kamar yankan tsini a saman shuɗin, a Missouri ma abin ya fi fitowa don goshinsa dogo ne kuma ya ɗaga sosai. Yadda ake fitar da shi ba wuya, ka zaunar da gangar jikin daram a kan tebur mai santsi kar ta motsa, ka ɗora fensir a kwance kan littattafai har tsininsa ya kai tsayin da kake so, ka riƙe shi da yatsa ka ja littattafan suna zagaya jirgin, layi zai fito a miƙe ko'ina, sai ka bi shi da tef. Haka ma ake fitar da baƙin layin bakin ruwa da jan ƙasan jirgi, dama duk jirgin da ka zaɓa sai ka yi waɗannan.

Sai dai kar in yaudare ka, Measure 22 a kan Missouri yana da nasa haraji. Shuɗin daɓen nan ba a babban daɓe kaɗai yake ba, yana kan kowanne hawa, yana saman gidajen igwa, yana cikin kowanne zagayen da aka girka bindigar kakkaɓo jirgin sama, kuma jirgin nan bayan manyan igwa tara yana da gidaje goma na masu inci 5, ga Bofors masu baki huɗu guda 20, ban da ƙananan. Kowanne zagaye cikinsa shuɗi bangonsa ruwan toka. Ba wuya ce ta gwaninta ba, ta naci ce. Shi ya sa idan salon ya burge ka nake cewa ka fara gwada shi a kan ƙaramin jirgi ajin Fletcher, waɗanda Amurka ta ƙera guda 175, na Tamiya a 1/350 bai wuce santimita 33 ba, kuɗinsa bai kusa na manyan ba, kuma jiragen ajin da yawa sun sa Measure 22 ko Measure 21, shi 21 ɗin ma shuɗi ne mai duhu tun daga bakin ruwa har sama ba layi ko ɗaya. Wani abu kuma, idan Missouri za ka saya ka karanta jikin kwalin da kyau, akwai na fasalin 1991 lokacin yaƙin Tekun Fasha mai ɗauke da makamai masu linzami, wannan ruwan toka ne zalla, ba ruwansa da fentin yaƙin duniya, kar ka kashe kuɗi ya iso ka ga ba shi kake nufi ba.

Measure 32 kuwa shine gwanin kyau kuma shine gwanin cin rai. Asalin dabarar ta Bature ce mai zane, Norman Wilkinson, a 1917, shi ya ce tunda jirgi baya ɓoyuwa a teku to a rikita wanda ke leƙensa ta madubin jirgin ƙarƙashin ruwa ya kasa gane ina ya dosa da kuma saurinsa, ya harba nakiyarsa ta wuce. Amurka ta dawo da shi sosai a 1943 da 1944, sannan a 1945 da 'yan ƙunar baƙin waken Japan suka zama babbar barazana daga sama aka koma shafe shi. A kan samfuri matsalarsa ta ninka ta Bismarck, zanen dama daban na hagu daban saboda haka sai ka samo hoton kowanne ɓangare, layukan a lanƙwashe suke tef na takarda baya bin su sai ka yanka shi siriri ko ka nemi farin tef ɗin Tamiya mai miƙewa na milimita 2 ko 3, kuma facin yana hawa ginin sama da bututun hayaƙi da gidajen igwa duka. Abu ɗaya da ya fi Bismarck sauƙi shine idan lanƙwasa ta ɗan kauce ba mai ganewa, miƙaƙƙen layi kuwa ko yaro ya kalla zai ce ya karkace. Duk da haka ni ba zan ba wanda bai gama jirgi ko ɗaya ba shawarar ya fara da shi ba.

Saura wanda ba a cika kulawa da shi ba kuma shi na fi so wa mai burushi, wato fentin Western Approaches na ƙananan jiragen rakiya na Ingila da Kanada da suka riƙa raka jiragen kaya a arewacin Atlantika. Peter Scott ne ya kawo shi, mai zanen tsuntsaye, ya fara gwadawa a jirgin da yake aiki, HMS Broke, hujjarsa ita ce a wannan teku mai hazo da gajimare jirgi mai duhu shi ke fitowa baƙi ƙirin a sararin sama, fari kuwa narkewa yake. Sai aka yi jirgin fari da manyan faci na shuɗi mai haske da kore mai haske. Jiragen ajin Flower su ne suka fi shahara da shi, tsawonsu bai fi mita 62 da ɗoriya ba, akwai guda ɗaya da ya rage har yau a Halifax ta Kanada, HMCS Sackville, hotunansa cike suke a intanet ka ga komai kusa-kusa. Revell na da shi a 1/144, wajen santimita 43, da kuma babban na 1/72 da ya haura santimita 80. Ka lura, tsawon na 1/144 a hannu bai kai na Bismarck a 1/350 ba amma komai na jikinsa ya ninka girma fiye da sau biyu, ƙofa ƙofa ce, matakala matakala ce, burushi na shiga ko'ina ba sai ka riƙe numfashi ba. Facin kaɗan ne kuma manya, kalolin duk masu haske ne kusa da juna, idan shuɗi ya ɗan tsallaka cikin fari ba ya ihu irin na baƙi. Sannan jiragen nan wahala suke sha a teku, tsatsa na zubo musu daga wajen anga da ramukan zubar ruwa, fenti na ɓarewa, saboda haka duk inda hannunka ya yi rawa kana da damar ka ja ɗan zirin tsatsa a kai kuma ya ƙara masa kama da gaske.

Aibinsa ɗaya ne, fari. Farin fenti da burushi baya rufewa a shafa ɗaya, idan ka matsa masa ka yi kauri zai cike duk 'yan zanen jikin robar ya bar sawun gashi. Sai ka fara da farar shimfiɗa ta gwangwanin feshi in ka samu, ka tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, ka shafa siriri ka bari ya bushe ka sake, haka har ya rufe. Kuma ka ɗiga masa ruwan toka kaɗan, farin kwalba tsantsa a ƙaramin jirgi yana sa shi ya zama kamar abin wasan yara. Haka baƙi ma, a ratsin Bismarck ko facin Missouri gara ka yi amfani da XF-69 na Tamiya ko wani baƙi mai sirkin toka maimakon baƙi tsantsa XF-1, don jirgin da kake kallo a tebur kamar kana hango na gaske ne daga nesa, nesa kuwa tana kashe kaifin kala.

Maganar irin fentin kanta tana shiga zaɓin nan. Fentin ruwa irin Vallejo yana bin burushi lafiya, ba wari, ka wanke da ruwa, amma riƙonsa a roba ba ƙarfi, idan ba ka yi shimfiɗa ba tef zai ɗago shi kamar fata, kenan ga aikin da tef ya yi yawa irin Bismarck sai ka yi hattara. Na Tamiya a bindigar feshi ba a magana, da tinarsa X-20A, amma a burushi yana saurin bushewa ka dawo shafa ta biyu ya kwashe ta farko. Fentin mai irin 'yan gwangwanayen Humbrol yana kwanciya sumul kuma yana jure tef, sai dai kowacce kala sai ka ba ta kwana, ga wari, farinsa kuma yana komawa rawaya-rawaya da daɗewa, abin da ba ka so a jirgin rakiya. Mu da muke oda daga waje akwai ƙarin magana, fentin mai da gwangwanin feshi kaya ne masu kama wuta, masu aikowa ta jirgin sama da yawa ba sa ɗauka, na ruwa ya fi saurin isowa. Kuma don Allah kar tsada ta sa ka je wajen masu fentin mota ka ɗebo tinarsu ka shafa a jikin jirgi, tana cin roba. Tef ɗinsu ma gam ɗinsa ya yi ƙarfi, idan shi kaɗai ka samu ka manna shi a bayan hannunka ko a wando ka ɗaga kamar sau biyu kafin ya hau fenti.

Zafinmu ma sai an yi lissafi da shi. Da rana tsaka a watan Afrilu fentin ruwa yana bushewa a bakin bindiga tun kafin ya isa jikin jirgi, ya sauka kamar gari ya yi kaushi, gara asuba ko dare, in an yi sa'a da wuta, wanda shi ma wani dalili ne da ya sa ban cika matsa wa mutum sai ya sayi kwamfiresa ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, kana gama shafa ka kifa kwali ko babbar roba a kai, musamman fari da shuɗi mai duhu, su biyun nan ba sa ɓoye ko ƙwayar ƙura.

To idan burushi kaɗai gare ka, ɗauki Flower na 1/144 ka yi masa farin nan da shuɗi. Idan kana da bindigar feshi amma ba ka taɓa jan tef a jikin jirgi ba, Fletcher da Measure 22, in ya yi kyau sai ka hau Missouri da salon da hannunka ya riga ya sani. Bismarck mai ratsi ka bar shi ya zama na biyu ko na uku, in kuwa ka riga ka saya yana ajiye a saman durowa to ka yi shi yadda ya fita Atlantika, ko ka tsaya a kan ratsin har sama amma ka sa a ranka cewa ginin saman kaɗai zai ci lokacin da gangar jiki duka ba ta ci ba. Kowanne ka ɗauka ka fara da kala mai haske ka ƙare da mai duhu, in ban da ratsin da ake rufewa tun farko, ka danne bakin tef da tsinken sakace, kuma kafin ka sa sabuwar kala ka fara bin bakin tef ɗin da kalar da ke ƙarƙashinsa siriri, ita za ta shige ramukan ta toshe su, wadda za ta biyo baya ba ta da hanya. Wajen cirewa kar ka fizga sama, ka kwantar da tef ɗin baya a kan kansa ka ja a hankali. Duk haɗin kalar da ka yi kuma ka fara gwada shi a bayan farin cokalin roba irin na cin shinkafar biki, ka bar shi ya bushe ka fita da shi waje ka gani a hasken rana, don shuɗin 5-N a ƙarƙashin ƙwan ɗaki kusan baƙi yake fitowa, sai ka yi ta ƙara masa fari har ya wuce misali.